Lailatu Mai Riƙon Wayar Shago

Ƙarfe bakwai na safe, hadari ya haɗo ta wajen Kuseri, Lailatu ta riga kowa zama a shagon Alhaji Yunusu da ke Ngueli. Shekara bakwai ke nan haka take yi. Ta kakkaɓe shadda da lafaya, ta ɗauke su hoto kafin rana ta yi ƙarfi, sannan ta bi saƙonnin da suka kwana a shafin shago ɗaya bayan ɗaya. Ba ta faɗin farashi sai ta gaida mutum, da Hausa ko Larabci ko Faransanci, duk wanda ya zo da shi.

Zulkiflu ya riga ta zuwa shagon da shekara uku. Shi ke auna yadi, shi ya san shaddar da ke zuba. Amma kowa ya shigo sai ya ce, "Ina mai wayar?" Abin yana ci masa rai. Sai ya sunkuyar da kai ya ce a ransa, danna waya har wani aiki ne?

Da ta tafi jinyar Goggonta a unguwar Walia, aka miƙa masa wayar mako guda. Kwana na uku Muntaka, wani Bafillace abokinsa, ya tambayi kuɗin shadda a shafin. Zulkiflu kuwa jikan Barebari ne, sai wasa ya motsa. Ya rubuta, "Kai bawana, me Bafillace ya sani a shadda? Koma wajen shanu." A bakin shago da dariya za a yi. Amma da sunan shago maganar ta fita, gaban mutum dubu. Kafin azahar Fulanin unguwar Atrone sun cika shafin da faɗa. Alhaji ya ce, "Kalas, shi ke nan. Gobe kada in gan ka."

Lailatu ta hau mashin ta zo. Ta fara rubutawa da bakin shago: "Mun yi kuskure, ku yafe mana." Ba ta ƙara komai a kai ba. Can ƙasa ta sa nata sunan ta ce, "Ni Lailatu na san su biyun, kwano ɗaya suke ci. Muntaka, fito ka rama." Muntaka ya fito ya rama har da ƙari, faɗa ya koma dariya. Sannan ta durƙusa gaban Alhaji. "Baba, ba mugunta ba ce. Bai san inda bakinsa ya ƙare na shago ya fara ba."

Zulkiflu ya tsira da aikinsa, kishin kuma ya ƙaru. Yanzu har da ceto ta fi shi.

Lailatu, ke ce kika san lokacin cewa "mu" da lokacin cewa "ni". Ke ce ba ki taɓa sa hotonki a shafin ba, amma kowa ya san muryarki. Mun gode, Allah ya saka miki. Masu riƙe wayoyin shaguna, ku dubi yadda ta yi.

Yau ce ranarta ta ƙarshe, ta samu aikin koyarwa a Walia. Alhaji ya ce zai nemo ɗan makaranta ya riƙe wayar. Ta ce, "Ka ba Zulkiflu, Baba. Ya riga ya ƙone sau ɗaya, ba zai sake ba." Ta ajiye wa Zulkiflu ita a kan yadi.

"Haka kawai?" in ji shi.

"To so kake in yi maka guɗa?"

Ya ɗauki wayar. Yayyafi ya fara sauka. Tana ciki tana sallama da Alhaji, Zulkiflu ya fita ya goge mata kujerar mashin da hannun rigarsa, ya tura shi ƙarƙashin rumfa. Ta fito, ta hau, ta tafi, ba ta ko lura ba.