Buzun Baba a Hanyar Makewayi

Wanda ya haƙa mana makewayi daidai gindin bishiyar bedin tsakar gida ya cuce ni, kuma ban yafe masa ba ko da ya riga mu gidan gaskiya.

Shekarun baya tansiyo ta kama ni, wato hawan jini. Majo, ma'aikacin jinya na asibitin garinmu, ya ce ko in riƙa taka ƙafa kowace safiya, ko in shirya zama da ƙwayoyi har in mutu. Na zaɓi ƙafa. Muka haɗa gwiwa da matan ajinmu na yaƙi da jahilci, mu da muka koyi baƙi da furfura a ka. Ana sallame asuba mu bi ta garake zuwa bakin tabki, mu tarar masunta na janye koma, mu juyo. Ni ce a gaba kullum, ina yi wa na baya gori.

Ana haka surukata ta rasu a Safo, maigidana ya ɗauko mahaifinsa ya dawo wurinmu. Tsoho ne mai shiru. Duk faɗin gidan nan bai ga wurin shimfiɗa buzunsa ba sai gindin bedin nan. Daga asuba yana can da carbi har rana ta ɗaga.

To ni cikina yana da lokacinsa, kuma lokacin ke nan. Ni da nake ja-in-ja da 'yan duwan, wato kwastan na kan iyaka, a Ɗan Issa har su gaji su ce in wuce, sai ga shi na kasa ɗaukar buta in gifta gaban surukina. Na riƙa matsewa. Kafin mu dawo daga tabki abin ya koma, ya yi fushi. Sai na ƙara da wata dabarar wauta: na rage tuwon dare, na bar shan ruwa daga magariba, wai don kada safiya ta tashe ni.

Ciki ya zama dutse. Ƙafafu kamar an ɗaura musu turmi. Ni da ke gaba na koma ta ƙarshe. Wata safiya jiri ya kwashe ni, na zauna dirshan a kan kunyar albasar wani.

Ƙawata mai suyar kifi ta dawo ta tsaya a kaina. "Ke, ko ciki ne da ke da tsufan nan?"

"Cikin gidanku," na ce.

Ta danna mini mara da yatsa, na yi ƙara. "Yaushe rabonki da kewayawa?"

Na faɗa mata komai. Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane, sannan ta ja ni wurin majo. Ya auna ni, jini ya ƙara hawa. Ya ce, "Inna, amalanke ba ya gudu da kayan jiya a kansa. Ki sha ruwa, ki ci zogale da rama, in ciki ya kira ki amsa. In tafiyar ta gagara, sai in tura ki Maraɗi."

Da yamma na tare maigidana da faɗa. Na ce ya je ya ɗage buzun mahaifinsa ko ya haƙa mini wani ramin a bayan ɗaki. Ya yi ƙasa da murya.

"Baba ya roƙe ni kada ki sani. Fitsari ba ya jiransa yanzu, shi ya sa yake zama kusa. Kuma ba ya iya shiga kina gida. Yana nan a matse sai ya ji kin rufe ƙofa kin bi matan nan."

Ashe mu biyu ne, kowa na cutar kansa don girmama ɗan'uwansa.

Baba ya rasu tuntuni, Allah ya jiƙansa. Har yau in na ga mace ta ja baya a hanyar tabki ba na ce mata raguwa. Ina jan ta gefe in tambaye ta abin da ake jin nauyin tambaya. Kunya ado ce, ban musa ba, amma ba a yi wa hanji ita.

A daren da maigidana ya faɗa mini zancen Baba, na ci tuwona da miyar zogale na ƙoshi, na bi da ruwa. Da asuba na cika buta biyu. Na je na durƙusa na ce, "Baba, an tashi lafiya?" Na ajiye masa guda kusa da buzu, na ɗauki tawa na wuce ta gabansa.