Matar da ta gasa tattasai a bayan gareji

Rumen Chakarov mugu ne, kuma ba zan ɓoye sunansa ba. Da kamfanin bas-bas na garinmu ya ɗauki ma'aikaciyar jinya don ta riƙa sauraron direbobin da damuwa ta danne, shi da yake shugaban gareji sai ya ja kujerarsa ya sa daidai ƙofarta. Duk wanda ya shiga, washegari ba a ba shi mota. Sai a ce ya je gida ya huta, kansa ba daidai ba. Direbobi suka daina shiga. Mutum ya ce bayansa ke ciwo ya kwanta a gida, motoci na tsaye, mutanen ƙauyuka na jira a bakin hanya.

Amma ba don Rumen na yi rubutun nan ba. Don ma'aikaciyar jinyar ne, Velichka Doneva, Goggo Velichka, wadda ta yi ritaya makon jiya.

Kullum ita ke riga kowa zuwa, ta ɗora kofi, ta auna jinin direbobin safe tana yi musu faɗan taba. Da ta ga an ƙaurace wa ɗakinta, ba ta kai ƙara ba. Kaka na shigowa ta kawo murhun gasa tattasai daga gida, ta kafa shi a bayan wurin wankin motoci, ta jibge buhuna biyu.

"Kai Ognyan, hannunka na ado ne? Zo ka ɓare mini."

"Goggo, ni direba ne, ba surukarki ba."

"Da kai ne surukata da tuni na mayar da kai gidanku. Zauna."

Ya zauna. Ognyan ƙato ne, amma tun rasuwar matarsa barci ya guje shi, ya fara jin rayuwa ta ishe shi, kuma tsoron a ƙwace masa mota ya hana shi faɗa wa kowa. Yana ɓare tattasai hawaye na zuba. Wani ya zo wucewa ya ce lafiya?

"Hayaƙi ne," in ji Goggo. "Wuce, ko kai ma ka zauna."

A wurin Ognyan ya faɗa mata komai. Ita ta raka shi wurin likita a birnin Plovdiv ranar hutunta. Aka ba shi magani da hutu, ya warke, likita ya ce zai iya tuƙi. Maza da yawa sun sha hayaƙin nan bayansa. In sanyi ya zo a yanka kabeji, in bazara ta zo a shuka albasa a gefen katanga. Masu ciwon baya suka fara dawowa aiki.

Goggo Velichka, ke ce kika gane cewa namijin garinmu ba ya buɗe baki sai hannunsa na aiki. Ke ce rumbun da ba ya yoyo: abin da aka zuba miki, ko mijinki bai ji ba. Mun gode. Masu kamfanoni, ku nemi irinta, kuma ku kawar da masu leƙe daga ƙofarta.

Ranar bikin sallamarta an yi rawa har takalmi ya cire. Rumen ya ɗan sha giya, ya nuna Ognyan a gaban daraktan kamfani ya ce mahaukaci aka bar wa motar 'yan makaranta. Ognyan ya miƙe ya ce, "E, na je likita. Sai me?" Wani ya miƙe ya ce shi ma ya je. Sai wani, sai wani, har rabin mutanen teburin na tsaye suna dariya, kowa na faɗa wa darakta yadda kujerar Rumen ta hana shi neman taimako.

Ognyan na nan yana jan motarsa. Rumen an sauke shi daga shugabanci ranar Litinin. Yanzu tikiti yake dubawa.