Yadda Baffa Iro Ya Ƙare a Teburin Nama

Ku da kuka zauna da Baffa Iro a Unguwar Dosa kun san ba a gama magana lafiya a gabansa. Ko zancen noman shinkafa ka ɗauko, ko na gyaran rediyo, zai bari ka yi nisa kana jin daɗin bakinka, sannan ya zaro fensir daga bayan kunne ya nuna ka da shi: "Ka yi da hannunka, ko ji ka yi?" In ka ce ji ka yi, shi ke nan, sai ya mayar da fensirinsa ya juya ga na kusa da kai kamar ka tashi daga wurin. Har limamin unguwa bai tsira ba, ranar da ya yi wa'azi a kan ladan haƙa kabari. Kwana biyu bayan nan aka yi rasuwa, aka ga liman a maƙabarta ya naɗe hannun riga yana fama da diga.

Ni Nasiru ɗan wansa ne, a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina, saboda haka na sha fensirin nan fiye da kowa. Ni ne kuma sanadin da ƙasidun Baffa suka tsaya a ta goma sha ɗaya. Da yawanku ba ku san wannan ba, yau zan faɗa.

Baffa babban akawu ne a wata ma'aikata, ya yi ritaya da fanshonsa da gidansa, kowa ya ɗauka zai shimfiɗa buzu a ƙofar gida ya riƙa jan carbi. A lokacin ne aka shiga tsuke bakin aljihu, masaƙu suna ta sallamar mutane. Wata rana ya same ni a zaure na dukufa a kan littafin wani Bature mai koya wa mutane hanyar yin arziki, wanda na saya a bakin titi.

"Mai littafin nan, mece ce sana'arsa?"

"Rubuta littafi, Baffa."

"Arzikin nasa fa, daga ina?"

"Daga sayar da littafin, ina jin."

"Ashe kai ne gonarsa."

Amma bai jefar da shi ba. Ya karɓa ya karance shi tas cikin kwana uku, ya dawo min da shi duk ya sha fensir. Ya ce, "Mutumin bai yi ƙarya ba. Tashi da wuri gaskiya ne, cika alkawari gaskiya ne, kuma wanda ya tayar da raggo daga barci ya yi aikin lada. Sai dai magidancin da aka sallama jiya ba 'ka yarda da kanka' yake nema ba. So yake a ce masa ga inda ake sayar da garwa, ga yadda ake naɗa tsumma a sanda kada ta ci masa kafaɗa. Wannan littafin ba a rubuta shi ba, ni zan rubuta."

Sai ya kafa wa kansa doka. Ba zai rubuta kalma ɗaya a kan wata sana'a ba sai ya yi ta kwana arba'in cur a ƙarƙashin mai ita, ana aikensa, ana yi masa faɗa. In kwanakin sun cika ya zauna a gaban keken rubutunsa ya buga ƙasida mai shafi goma sha shida, a gurza masa a inji, ya ɗinke da zare.

Da wanzanci ya fara, kuma kaina ne ya zama filin gwaji. Sau bakwai askar ta kama ni. Da na yi ƙara sai ya ce in yi shiru, yana ƙirgawa ne. Duk wanda yake da ƙasidar wanzanci ya duba shafi na tara, inda aka ce a kula da bayan kunne da tudun ƙeya. Jinina ne ya sayi wannan ilimin. Matarsa, Inna Asabe, cewa take yi, "Ni dai akawu na aura. Yanzu kullum ban san wanda zai shigo min da yamma ba, ko mai zabira ko mai shebur."

Da ya zo kan ga-ruwa, wata mata ta kira shi a Kurmin Mashi ya cika mata randa. Yana juye garwa ta biyu sai ga maigidan ya fito, ashe Audu ne, tsohon masinjansa a ofis, wanda yanzu ya zama ɗan kwangila har da tumbi. Audu ya zube ƙasa yana neman ƙwace sandar.

"Ranka ya daɗe, me ya yi zafi haka? Da ka aiko min ai da na zo da kaina."

Ya cusa hannu a aljihu ya damƙo takardun kuɗi. Baffa ya zari na garwa biyu ya tura masa sauran.

"Audu, a ofis ka taɓa ganin na sa hannu a kan aikin da ba a yi ba? Garwa biyu na kawo. Kuma randarka tana yoyo, na gaya wa uwargida."

Muna dariya, amma mutane suna zuwa. Na ga magidanta masu 'ya'ya biyar, shida, waɗanda da can kaki suke sawa su tafi masaƙa, suna sallama a zaurenmu da kunya kamar masu neman maganin ciwon da ba a faɗa. Abin da yake kashe musu kunyar ba shafukan ba ne kaɗai. Sun ga babban akawu da idonsu yana yashe kwata a bakin titi, kuma sama ba ta faɗo ba. Mutumin da yake wanke min huluna har yau, da ƙasida ta huɗu ya fara, yanzu yana da gida nasa a Malali. Ban taɓa ganin rubutu ya ciyar da mutane kai tsaye haka ba, kuma ban sake gani ba.

Sana'a ta goma sha biyu ita ce fawa. Baffa ya je ya durƙusa a gaban Malam Tanko, mahaucin 'yar kasuwar unguwarmu, wanda Baffa ya girme shi da shekara kusan goma, ya ce ya zo koyo. Maigida yake kiransa. Da asuba su tafi mayanka, da hantsi yana tsaye a bayan tebur yana kore ƙuda yana saran ƙashi.

Ni kuwa a daidai wannan lokacin nake neman auren Bilkisu, 'yar Alhaji Mudi na Unguwar Sarki. Kun san al'ada, iyayen yarinya sai sun aika bincike a ɓoye su ji asalin yaro. Masu binciken suka zo suka tambayi inda za su ga waliyyina, yaran unguwa suka raka su har gaban tebur. Suka tarar da Baffa jini har gwiwar hannu yana wanke tumbi. Ba su ko yi sallama ba suka juya.

Bilkisu ta aiko min da 'yar takarda cewa magana tana neman lalacewa. Na roƙi Baffa ya dakata da fawar nan ko na mako biyu ne. Ya ce kwana arba'in ba ta da rami a tsakiya. Sai Alhaji Mudi ya aiko cewa yana son ganin waliyyi, kuma a zo da yaron. Da Baffa ya nemi izinin tashi daga tebur, Malam Tanko ya ce ai ɗan koyonsa ba zai je babban wuri shi kaɗai ba. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya fesa turare, ya biyo mu don ya ƙara mana kwarjini.

Bayan la'asar muka zauna a falon Alhaji, shi da ƙannensa biyu a kan kujeru, mu a kan darduma. Aka gaisa, aka ajiye goro.

"Malam Ibrahim," in ji Alhaji, "mu ba raina kowa muke yi ba. Amma gidan nan tun kaka da kakanni bai taɓa haɗa jini da mahauta ba. Ku mahauta ne?"

"Yau da safe akuya uku na feɗe, Alhaji. Ga maigidana Malam Tanko, shi yake koya min."

"Asali nake tambaya."

"Asali kam daga Annabi Adamu ne, ni da kai da Malam Tanko."

Na ga fuskar Alhaji ta rufe, na ga Bilkisu tana kuɓuce min. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai yaro, me ka ce?" Bakina ya riga hankalina.

"Wallahi Alhaji mu ba mahauta ba ne, Allah ya kiyaye. Kakanmu alƙali ne. Wannan wasa ne kawai Baffa yake yi na kwana arba'in, saura kwana tara ya wanke hannunsa."

Alhaji ya yi dariya har da tafa hannu, ƙannensa suka taya shi. Ya ce ashe abin na 'yan boko ne, ya ba mu, a turo a sa rana. Ina cikin murna na waiga. Malam Tanko yana zaune cikin farar rigarsa yana kallon darduma. Ya ce, "Allah ya sanya alheri," ya tashi ya ɗauki takalmansa ya fita, ko goronsa bai ɗauka ba.

Ni da Baffa muka iso ƙofar gida. A nan ya tsaya ya ce, "Ka samu mata, Allah ya yi albarka. Amma da mutuncin wani ka biya sadaki. Shekara talatin mutumin nan yana ciyar da unguwa, ka ce Allah ya kiyaye, a gabansa. Saboda ni ya shiga falon nan, ni zan wanke shi."

Kwana arba'in suka cika. Ran na arba'in da ɗaya Inna Asabe ta ga yana wasa wuƙa da asuba, ta ce, "Malam, ai kwanakin sun ƙare." Ya ce, "Ɗana ya ce wasa nake yi. Bari in ga ranar da zai zama gaske."

Ranar ɗaurin aurena ya karɓa min aure cikin babbar riga da rawani. Ana shafa fatiha ya tuɓe su ya miƙa min, ya ɗaura ƙyallen aiki, shi da Malam Tanko suka kayar da bijimin biki a ƙofar gidan Alhaji Mudi, manyan baƙi suna kallo. Duk wanda ya tambaya sai Baffa ya ɗago ya ce, "Uban ango ne, a matsa kada jini ya taɓa riga." Alhaji ya shige gida bai fito ba sai magariba. Bayan shekara guda kuma direbansa ba ya sayen nama a ko'ina sai a teburin Baffa, don a nan ne ba a cusa jijiya a ƙarƙashin tsoka. Ya taɓa aikowa a ƙara masa gyara saboda surukuta, Baffa ya ce a gaya masa sikeli bai san suruki ba.

Shekara tara ya yi a teburin nan, yana da fansho, yana da ciwon gwiwa. Keken rubutu ya yi ƙura. Masu jiran ƙasidar kafinta da ta jimar fata da ta gini suka gaji suka daina tambaya. Ta fawar ma bai rubuta ba. Da na tambaye shi sai ya ce, "Wanda ya yi kwana arba'in gani yake ya isa ya rubuta. Wanda ya yi shekara ya san bai isa ba. Goma sha ɗayan can ma Allah ya yafe min karambani."

Sai da na yi shekara uku kafin na iya zuwa gidan Malam Tanko na durƙusa. Ya ɗago ni ya ce, "Haba ɗana, ni tun a hanya na manta. Baffanka ne ya ƙi mantawa. Na sallame shi ya fi sau goma, ya ƙi tafiya. Yanzu kuma ba zan sake sallamarsa ba, don in ya tafi masu sayen nama bin sa za su yi." Muka yi dariya, amma ni na koma gida da nauyi a ƙirji, kuma har yau bai sauka duka ba. Ban taɓa sanin mutum zai iya ɗaukar laifin bakin wani ya biya shi da sauran rayuwarsa, ba tare da ya sake goranta masa ko sau ɗaya ba.

Ranar da ya rasu ba a sayar da nama a kasuwar unguwarmu ba. Mahauta suka rufe tebura, suka zo har da waɗanda ban taɓa gani ba daga hayin kogi, suka ɗauki makara suka hana mu 'yan uwa ko kama gefenta. Muna tafe, wani baƙo a kan babur ya tsaya ganin yawan jama'a, ya tambaye ni wane babban mutum ne ya rasu. Na ce, "Baffana ne. Mahauci ne a kasuwar nan." Malam Tanko yana gefena. Bai dube ni ba, sai dai ya kama wuyan hannuna ya riƙe har muka isa maƙabarta.

Allah ya jiƙan Baffa Iro, ya hutar da gwiwoyin nan da suka gaji da tsayuwa, ya sa abin da ya rubuta da abin da ya ƙi rubutawa duka a mizaninsa. Allah ya jiƙan Malam Tanko da ya bi shi bayan shekara biyu. Ni kuma Allah ya yafe min abin da na faɗa a falon nan. Amin.