Ranar da Inna Ta Hau Kujerata

Shekarun baya, kafin yaƙi ya watsa mu, ina koyon tuƙin ƙaramin jirgin sama a wata makaranta da ke bayan garin Khartoum. A unguwar Umbadda muke zaune ni da mahaifiyata, wadda kakanta ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya yada zango a Omdurman, zangon ya zama gida. Ni kaɗai ne ɗanta namiji, kuma ni ne mai bakin da ba ya shiru.

Bakin nan ne ya ja mini. Wata rana da yamma ina cika wa abokina baki a tsakar gida, ina ba shi labarin darasin da malamanmu ke kira inhiyar. Za ka rage wuta, ka ɗaga hancin jirgi sama a hankali, gudu ya yi ta raguwa har fukafukai su kasa riƙe iska, sai hancin ya sulluɓo ƙasa. Daga nan ka saki, ka ƙara wuta, jirgi ya dawo hayyacinsa. Ina yi ina kwatantawa da takalmi, ban san Inna na bayan labule ba.

"Wato da gangan kuke kayar da shi?" ta ce. "Halas, magana ta ƙare. Ba ka komawa."

Na yi magiya, na turo kawuna, duk a banza. Ni kuwa ba zan tashi sama ba da yardarta ba. Bayan kwanaki ta kira ni ta ce sharaɗi ɗaya ne: sai ta shiga jirgin ta ga faɗuwar da idonta.

Muka hau raksha, keke mai ƙafa uku na can, muka canza mota, muka isa. Malamina, wani dattijon kaftin mai ƙarancin magana, ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Ya Hajja, ɗanki ɗalibi ne, doka ba ta ba shi ɗaukar fasinja ba. Kuma ni wannan darasi ba na yin sa da mutum a kujerar baya. Nauyi idan ya koma baya, hancin jirgi yakan ƙi sauka, ya shiga juyi, a rasa yadda za a yi da shi."

Na ji sanyi a raina, na ce magana ta ƙare. Ashe bai gama ba.

"Mutum biyu ne kawai, ni da mai koyo. In kina so, yau ke ce ɗalibar. Shi ya jira a ƙasa."

Inna ta ce, "Kwayyis, na yarda." Ta naɗe tob ɗinta, lafayar matan can, ta ɗaure tamau. Kaftin ya karɓe jakarta da 'yar butarta, ya ce ba a barin abin da zai yi yawo a ciki. Carbi kawai ya bar mata. Jakar da butar ni aka miƙa wa.

Suka tashi. Suka yi ta hawa har jirgin ya koma kamar shirwa, don sai an yi nisa da ƙasa ake wannan darasi. Na ga ya karkata hagu, ya karkata dama, yana duba ko akwai wani jirgi kusa. Duk na sani, ni ma na sha yi. Amma da ƙarar injin ta yi ƙasa, hancin ya ɗaga ya tsaya cak, sannan ya sulluɓo, wallahi sai na tsugunna rungume da jakar tsohuwa, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta cin abinci.

Da suka sauka, ta fito tana gyara tob kamar daga kasuwa take. Ta dube ni, ta dubi butar da na zubar da ruwanta a wandona.

"A can sama ba komai ba ne," ta ce. "Kamar raksha ta faɗa rami. A nan ƙasa abin yake, ya waladi. Yanzu ka ɗanɗana." Ta karɓi jakarta. "Ka koma karatunka. Amma duk ranar da ka sauka, ka kira ni kafin ka sha ruwa."

Haka na riƙa yi, har na samu lasisi, har na fara aiki.

Yau filin nan ban san halin da yake ciki ba. Gidanmu na Umbadda mun baro shi da labulensa a rataye, Inna kuma ta rasu a garin da muka yi gudun hijira. Ina kewar ta, ina kewar garin, har ƙurar hanyar makarantar nan ina kewa. Yanzu ni ke koyar da wasu a wata ƙasa, kuma ban taɓa yarda kowa ya zauna a baya ranar wannan darasi ba.

Har gobe, idan na sauka na kashe inji, hannuna aljihu yake fara zuwa neman waya. Sai na tuna, in ce a hankali, "Inna, na sauka." Sannan in sha ruwa.