Wuƙar Malam Haruna

Jama'a, ni ba mai yawan rantsuwa ba ne, koyarwa na yi kafin aljihu ya kore ni daga aji, amma wannan dai wallahi a gabana aka yi shi. Shekarun baya ne, ina aikin sito a wata masana'antar jima a Challawa, wurin da hanci ke yin murabus tun satin farko.

A sashen kankare fata akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: wanda ya koya maka aiki shi zai ba ka wuƙa, ranar da za ka bar aikin kuma ka mayar masa hannu da hannu, ku yafi juna. To Sabi'u, wani saurayi ɗan Jigawa mai dariya kamar an biya shi, ya samu shiga soja, ɗoki ya kwashe shi ya tafi da wuƙar ubangidansa Malam Haruna, ko sallama babu. Malam ya ce shi da Sabi'u sai a lahira. Daga baya muka ji an tura yaron yaƙi can gabas.

Ran nan ƙarfe biyu na rana, ana canjin ma'aikata, sai ga Sabi'u cikin kaki! Kai, wuri ya ruɗe, masu sara masa na yi, masu tambayarsa ko ya taɓa harbi na yi, ni har na miƙa hannu, sai ya dafa ƙirji kawai ya wuce. Ya durƙusa gaban Malam, ya miƙa wuƙar tsirara, ya ce, "Malam, ga amanarku. Ku yafe mini."

Malam ko ɗagowa bai yi ba. "Ai soja ba ya neman gafara. Ajiye nan."

Ya ajiye a kan benci, ya ɗan jira, ya fita. Malam bai ƙarasa kankare fatar da ke hannunsa ba zuciya ta karye, ya bi shi da gudu har bakin get, amma maigadi ya rantse babu sojan da ya shiga, balle ya fita.

Bayan kwana uku yayan Sabi'u ya zo da labari: an yi musu kwanton ɓauna, an binne shi a can tun kwana tara kafin ranar da muka gan shi. Cikin kayansa da aka aiko gida akwai kuben wuƙa, wayam, yayan ya taho da shi. Malam ya zura tasa, ta zauna daram.

Na karanta littattafai daidai gwargwado, babu wanda ya yi mini bayani. Abin da na sani, har na bar wurin, kullum in ƙarfe biyu ta buga sai Malam ya je bakin get ya ce a hankali, "Na yafe, Sabi'u." Ko ya ji, oho.

Don haka in wani ya durƙusa yana neman yafiyarku, ku amsa tun yana gabanku. Ba ku san daga inda ya taso ba.