Tsiron da Malama Rakiya Ta Ce a Jira

Malama Rakiya ta rasu ranar Talata a gidanta da ke Karshi, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ina ofis 'yarta Binta ta kira ni. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ilimin tsirrai ta koyar har ta yi ritaya. Aikin jarida ne ya haɗa mu: duk sunan bishiyar da ya shigo labari, ita nake kira kafin a buga. Ko dai ta sani, ko ta ce, "Bari in gani da idona."

A shekarunta na ƙarshe hankalinta ya koma kan wani tsiro da ta ciro daga tsagin dutse a bayan gari, kafin masu fasa dutse su kai wurin. Karansa mai tauri ne kamar itace, ganyensa sirara, cunkushe a ƙarshen reshe. Tana zaton ɗan dangin da masana ke kira Velloziaceae ne, amma a duwatsun nan akwai wani mai kama da shi daga dangin aya. Fure ne kaɗai zai raba gardama, shi kuwa tun da ta dasa shi a tukunya bai yi ba.

Na ce, "Malama, in rubuta zatonki mana."

Ta ce, "Malam Sani, ganye kan yi kama da ganye. Jira fure."

Da rani yakan bushe ƙamas. Maƙwabciyarta, Maman Grace, takan tsokane ta: "Mama, wannan itace naki ya mutu tun tuni, ba ni in hura wuta."

"Barci yake yi," in ji Malama. "Ki sayi gawayi."

Ranar da na je ta'aziyya, Maman Grace ɗin ce na tarar ta janye tukunyar gefe, tana hana yara taɓawa. An yi ruwan farko, tsiron ya koma kore shar.

Allah ya jiƙan Malama Rakiya, ya yafe mata kurakuranta, ya sa Aljanna ce makomarta. Ya ba Binta da ƙannenta haƙurin rashi, ya bar su da halinta.

Binta ta ce wani ɗan ƙulli ya fito a tsakiyar ganyen. Wani tsohon ɗalibin Malama zai zo ya duba idan ya buɗe. Zuwa yanzu bai buɗe ba.