Gurbin Goggo Turai a Kwamfutar Asibiti

A Karaye aka haifi Munawwara, amma a Rogo ta yi wayo. Ana yaye ta, ƙanwar mahaifinta Goggo Turai, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo ta saɓa ta a baya ta tafi da ita riƙo. Ita ta yi jinyar ƙyandarta, ita ta kai ta makaranta da kuɗin ƙuliƙuli, har yarinyar ta je Kano ta karanto kwamfuta. Mutanen Rogo suna alfahari da ita, ko da yake rabinsu sun ɗauka gyaran waya take yi.

Ainihin aikinta rubuta manhaja ne. Wata ƙungiya mai kula da ƙananan asibitocin karkara ta ɗauke ta, ita da wani abokin aiki Lukumanu, su gyara manhajar rajistar yara. Manhajar tana da wata muguwar ɗabi'a. Duk macen da ta kawo yaro, ba ta duba ko an san shi, sai ta buɗe masa sabuwar rajista. A garuruwan da riƙo ya zama ruwan dare kuwa, wannan ɓarna ce. Uwa ta kai ɗa rigakafi a Karaye, mariƙiya ta kai shi a Rogo, sai ga yaro ɗaya ya zama biyu, kuma babu rajistar da ta san alluran da ke cikin ɗayar.

Lukumanu mutum ne mai son aiki ya ƙare da wuri. Ya ce, "Ai abin mai sauƙi ne. A bar yaro a ƙarƙashin wadda ta haife shi, a goge ɗaya matar."

Maganar ta soki Munawwara. Da a zamaninta ne, ɗaya matar da za a goge ita ce Goggo.

"Malam Lukumanu, yaron ne ya maimaitu, matan ba su maimaitu ba," in ji ta. "Wadda ta kwana da zazzaɓinsa ita ta fi sanin jikinsa. Ba zan goge ta ba."

Ta ɗauki hanya mai tsawo, kuma ta sha wuya. Ta koya wa manhajar ta fara nema kafin ta ƙirƙira: ta duba sunan yaro da na mahaifinsa da ranar haihuwa da unguwa, idan ta sami mai kama ta nuna wa ma'aikaciya ta tabbatar. Sai an rasa sannan a buɗe sabo. A gefen gurbin uwa kuma ta ƙara gurbin mariƙiya. Lukumanu ya yi ta gunaguni, amma gaskiyar Allah shi ya taya ta haɗe tsofaffin rajistocin.

Ba ta taɓa yi wa Goggo bayanin wannan ba, don Goggo ba ta da haƙurin zancen kwamfuta. Abin da kawai Goggo ta sani shi ne 'yarta tana aikin kwamfutocin asibitoci. Da Munawwara ta yaye 'yarta Radiya, wadda ta haifa a Karaye, Goggo ta sake zuwa da zanen goyonta ta tafi da ita riƙo, tsufa bai hana ta ba.

Ranar da Goggo za ta kai Radiya asibitin Rogo, sai da ta yi ta jan ƙafa. Ta ji ana cewa yanzu inji ne ke tantance iyaye, kuma ta daɗe tana tsoron ranar da za a ce mata a gaban mata, ke ba uwarta ba ce. Ma'aikaciyar ta tambayi sunan yarinya da na ubanta, ta latsa, ta ɗago kai.

"Radiya Sabi'u, haihuwar Karaye. Baba, ke ce Turai?"

"Ni ce. Wa ya gaya miki?"

"Ga sunanki nan, mariƙiya, mahaifiyarta ce ta sa aka rubuta. Saura allura ɗaya, miƙo ta."

Goggo ba ta iya karatun boko ba, amma ta sa aka nuna mata wurin da yatsa, ta daɗe tana kallo. Daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa. Ta juya wajen matan da ke kan benci, ta gyara mayafi.

"Kun ga injin nan? 'Yata ce ta koya masa ladabi," in ji ta. "Ni na riƙe ta."